Jan Fumfuna da Hannun Gwaggo

Duk matar da ta taɓa riƙe hannun Gwaggona ta san sana'arta tun kafin a gaya mata. Tafin ya yi kaushi kamar dutsen goge ƙafa, tsakanin yatsun duk faso, farcen kuma ba ya zama da launi guda: yau shuɗi, jibi kore, ran Juma'a ja. Rini take yi a tsakar gidanmu nan Gure, shekara kusan ashirin ke nan. Mata suna kawo mata farar shadda, ko tsohon zane da ya koɗe, ta mayar musu da shi kamar yau aka yanko shi. Da kuɗin wannan rini aka saya mini kayan lakwal tun ina ƙarama, da shi aka biya mini kuɗin mota ranar da na fara tafiya Damagaram karatu. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani ya karanta abin da ke biye ya ce ƴar boko ta dawo hutu tana zagin sana'ar da ta ciyar da ita.

Wanda bai taɓa tsayawa kusa da bahon rini ba, ga yadda abin yake. Ana tafasa ruwa, a zuba garin galura, a zuba soda, a zuba wani farin gari da marina ke ce wa hidro. Da sun haɗu sai wani wari ya tashi, kamar an ƙyasta ashana ɗari lokaci guda, ya shaƙe maka maƙogwaro. Gwaggo tana da safar hannu ta roba, amma ba ta kai gwiwar hannu ba, kuma rabin lokaci tana rataye a igiya, wai in ta sa ba ta jin yadin. In an gama, ruwan da ya rage sai a kwarara shi wani rami bayan katanga. Ko a tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ke tsirowa har bisa soro, bakin ramin nan fayau yake. Kuma ku da kuka taɓa raka wani kwari ɗiban kanwa ko dabino kun san yadda ruwa yake kusa a ƙasarmu, wani wurin ɗan haƙa kaɗan ka tarar da shi. Tun ina lise wannan rami yake tsaya mini a rai.

A bara, gab da hutun damina, na ci karo da wani rubutu a waya wanda ya hana ni barci. Wai akwai fumfuna, irin wadda ke cikin ƙasa, da ke fitar da launi, kuma har an fara nomanta don launin kawai. Na bi abin na yi ta karatu har kuɗin intanet ya ƙare. Mutanen Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna shuka wata fumfuna mai suna Monascus a kan dafaffiyar shinkafa, shinkafar ta koma ja wur, su riƙa sa wa abinci launi da ita. A ƙasar Cek wani kamfani ya samo wani nau'in Penicillium oxalicum daga cikin ƙasa, ya fitar da jan launi daga gare shi, suka sa masa suna Arpink Red. A Danmak, a 2013, masana suka bayyana wani sabon nau'i, Talaromyces atroroseus, mai zubar da ja da yawa ba tare da an same shi da irin gubar da danginsa ke yi ba. Akwai kuma Blakeslea trispora, wadda ake kiwo a manyan tankunan ƙarfe don samun launin nan na karas da ake sa wa abinci da abin sha.

Abin da ya fi kama ni shi ne sauƙin da na hango. Fumfuna ba ta neman gona, ba ta jiran ruwan sama. Ba ta sukari da ɗan danshi, cikin kwana kaɗan ta yi aikinta. Mu da rairayi ke cinye mana gonaki kowace shekara, ai wannan kamar da mu aka yi shi.

Sai kuma na tuna wani abu na ƙuruciya. Bayan ruwan farko akwai wani naman kaza da ke ɓullowa cikin rairayi, dogo, fari, kansa kamar sandar ganga. In ya bushe ka murza shi, sai baƙin gari ya cika maka hannu. Mukan shafa wa juna shi a fuska muna wasan dodo, mu dawo gida a yi mana faɗa. Ashe yana da suna a littafi, Podaxis pistillaris, kuma mutanen asali na hamadar Ostareliya sun yi amfani da garinsa wajen zane a jiki, tsofaffinsu kuma suna baƙanta furfura da shi. Na ce a raina, to shi ke nan, launi yana nan ƙarƙashin ƙafarmu, mu ne ba mu duba ba.

Ranar da na iso gida, ko jakata ban kwance ba na ce, "Gwaggo, kafin in koma zan yi miki rinin da ba ya cin hannu."

Ba ta ɗago daga baho ba. Ta ce, "Allah ya sa, ƴar lakwal. Miƙo mini muciyar can."

Ga abin da na yi, kuma ina roƙon ku da Allah kada wanda ya kwaikwaya kafin ya karanta har ƙarshe. Na tara kwalaben mayonez guda takwas na wanke. Na dafa shinkafa ba gishiri ba mai, na zuba kaɗan-kaɗan a kowace, na toshe bakin da auduga da takarda, na jera su a madambaci na turara su kamar dambu, don in kashe duk wani abu mai rai da ke ciki. Sannan na je neman ƙasa. Na ɗebo daga gindin goruba a kwari, daga bakin turken awaki, daga gonar gero, har daga gefen ramin ruwan rinin kansa. Kowace na jiƙa ta da tafasasshen ruwa da ya huce, na ɗiga ɗigo biyu a kan shinkafa, na rubuta sunan wurin a jikin kwalba. Na ɓoye su ƙarƙashin gado, a ɗakin da nake kwana ni da Auta, ɗan ƙaramin Gwaggo mai shekara huɗu.

Kwana uku ba abin da ya faru sai ɗan farin gashi-gashi. Rana ta biyar da na jawo su, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Biyu sun yi baƙi ƙirin. Ɗaya ta ruɓe kawai, ruwa-ruwa, mai ɗoyi. Uku sun yi kore, ɗaya daga ciki kore mai ratsin rawaya, kyakkyawa, kamar ƙaramiski. Ta gonar gero fara ce sol kamar auduga. Amma ta gindin goruba, saman fari ne, ƙasan kuwa shinkafar ta rine, ja mai ɗan duhu kamar an ɗiga zoɓo, har ya gangara ya taru a gindin kwalba. Ban san lokacin da na yi guɗa ba. Ta ramin rini, don in cika muku labari, tana cikin baƙaƙen nan biyu. Wato ko a wurin da ciyawa ta ƙi, akwai mai rai.

Na bar jan ya ƙara kwana huɗu. Na sayo alkol na dala ɗari a kantin magani, na zuba a kan shinkafar, na girgiza, na tace da tsumma. Na sami kusan rabin kofin shayi na jan ruwa. Na raba shi. Wani na ɗiga masa lemun tsami, ya ɗan buɗe ya yi haske. Wani na sa masa ruwan kanwa, ya yi duhu. Sauran na tsoma ƙyallen farar shadda da na tsinto a kwandon Gwaggo, wanda na riga na jiƙa da alam, irin wanda ake jefawa a randa don ruwa ya kwanta, saboda na karanta yana taimaka wa launi ya kama. Na kuma jefa wani ɗan guntun jemammiyar fatar akuya da wani baduku maƙwabcinmu ya ba ni, ba don komai ba sai don ruwan ya rage.

Ƙyallen ya fito ja-ja, mai laushin launi, irin wanda ƴanmata za su so a ɗankwali. Na kai wa Gwaggo da hannu biyu. Ta juya shi, ta shinshina, ba ta ce komai ba. Ta ɗauki sabulu ta wanke shi sau ɗaya, ta matse, ta shanya a igiya tsakiyar rana. Da la'asar ya koma kalar ruwan wankin nama. Washegari da azahar, in ba ka san an taɓa rina shi ba, sai ka ce datti ne.

Ta ce, "Ɗiyata, wannan launi ne. Rini daban. Rini shi ne wanda mai zane za ta wanke sau ashirin, ta je biki da shi, ba ta dawo ta tsaya mini a ƙofar gida ba."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma haushin bai daɗe ba, don abin da ya biyo baya ya fi shi. Kwana biyu bayan haka na shigo ɗaki na tarar da Auta zaune a ƙasa, ya jawo kwalbar nan mai kore da rawaya, ya cire audugar, ya zura yatsa. Ban san ko ya kai baki ba. Shi ya ce bai kai ba, amma yaro ɗan shekara huɗu da ya ga fuskarki ta canza, me zai ce? Na wanke masa hannu da baki, jikina na rawa. Daren nan ban runtsa ba, ina ta sauraron numfashinsa. Alhamdu lillahi ba abin da ya same shi.

Da safe na zuba kwalaben a buhu na nufi gidan malaminmu na ilimin halittu a lise, wanda har yau Mushe muke ce masa. Na zaci zai yaba mini. Ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken rana ba tare da ya buɗe ba, ya tambaye ni inda na ajiye su. Da na gaya masa, sai ya cire tabarau ya dube ni, irin kallon da yake mana in mun kwafi aikin gida.

Ya ce ba zai rantse ba sai an duba a ɗakin bincike, amma kore mai rawaya irin wannan ya yi kama da Aspergillus flavus, wadda ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Ita ke yin gubar aflatoksin, mai lalata hanta, mai jawo sankarar hanta in an daɗe ana ci. An gano gubar ne bayan 1960, lokacin da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Na ce to ai ni ja nake nema, ba kore ba. Ya ce jan ma bai tsira ba. Cikin fumfunar ƙasa masu jan launi akwai Fusarium, kuma da yawa cikinsu suna da tasu gubar. Ko Monascus ɗin mutanen Sin, wani nau'insa yana fitar da sitirinin mai taɓa ƙoda, shi ya sa ake auna shi kafin a sayar. Ya ƙara da abin da ya fi tsaya mini: ido ba ya rabe mai guba da marar guba. Cibiyar IITA ta Ibadan tana yin wani magani, Aflasafe, wanda ba komai ba ne sai ita wannan Aspergillus flavus ɗin, amma zaɓaɓɓun nau'in da ba sa yin guba. Ana watsa su a gona su rinjayi masu gubar. Suna ɗaya, kama ɗaya, ɗaya magani ɗaya ajali.

Ya sa na haƙa rami a bayan gidansa. Muka cika kwalaben da ruwan jabel, muka bar su suka kwana, muka binne. Har da jar. Na so in roƙe shi ya bar mini ita, kunya ta hana ni.

A hanyar dawowa na fara ganin abin da rubuce-rubucen nan ba su nuna mini a hoto ba, ko suka nuna ban kula ba. Masu wannan aiki ba ƙasa suke ɗiba su watsa a shinkafa ba. Suna ware nau'i guda tak, su tabbatar da sunansa ta hanyar ƙwayoyin gadonsa, su auna ko yana da guba, sannan su kiwata shi a rufaffen tanki da iska tatacciya, da zafi daidai, wajen digiri 25 zuwa 30. Mu nan a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40, kuma kun san halin kuran. Sannan mafi yawan launukan nan abinci ake sa wa, inda ba wanda zai wanke su da sabulu ya shanya a rana. Yawancinsu ba sa jure hasken rana. Ranar Gure kuwa ko galurar kamfani tana jin jiki a hannunta.

Daren ranar, bayan isha, na gaya wa Gwaggo komai, har da maganar Auta. Na shirya shan faɗa. Ta yi shiru, can ta ce, "Da kin tambaye ni." Sai ta shiga ba ni labarin mahaifinta, kakana, wanda ban riske shi ba. Marini ne, na marina ta gaske, rami mai zurfi da aka shafe da laso. Ana daka ganyen baba a dunƙula a shanya, a zuba a rami da ruwan toka, a rufe, a riƙa motsawa kullum har kwanaki. Ta ce yakan durƙusa ya shinshina, ya duba kumfar da ta taso, ya ce bai nuna ba, ko ya ce yau ya tashi. In sanyi ya yi yawa ramin ya yi nauyi. In aka matsa masa da aiki ya gaji, sai an bar shi ya huta. Yadi yana fitowa daga ciki kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a kan idonka.

Ina jin haka na tashi zaune. Ai wannan shi ne abin da na je nema a Danmak. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa cikin ramin su ne ke juya shi ya narke ya shiga zare, in ya sha iska ya koma yadda yake, ya maƙale a ciki, shi ya sa ba ya fita. Kakana kiwon ƙananan halittu yake yi da hanci da ido, bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, a kan wannan aiki ta tsaya. Hidron da ke shaƙe Gwaggo kuwa, aikinsa shi ne ya yi cikin ƴan mintoci abin da bakteriya ke yi cikin kwanaki. Sodar ita ce ta maye gurbin toka.

Na ce, "To Gwaggo, me ya sa aka bari?"

Ta yi dariya. Ta ce rami launi ɗaya yake bayarwa, daga shuɗi sai baƙi-baƙi. Mace ta zo ran Talata tana son kore mai ruwan ganye don sunan ran Asabar, za ki ce mata ta jira baba ya nuna? Ta ce mahaifinta da kansa, kafin ya rasu, ya fara sayen shunin gwangwani yana ƙarawa.

Wannan shunin gwangwani yana da tarihi, kuma tarihin ya ɗan ƙona mini rai. A 1856 wani ɗalibi a Landan, William Perkin, ɗan shekara 18, yana hutun makaranta, yana gwaji a gidansu. Kinin yake son haɗawa, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sinadaran da ake samu a kwaltar kwal. Bai samu ba. Ya sami wani baƙin dagwalo, da ya zuba masa alkol sai ya ba da launin shunayya, ya kuma kama siliki ram. Daga nan rinin kamfani ya fara. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin da ba a noma ba, kuma sannu a hankali ya kashe kasuwar baba daga Indiya har zuwa ƙasar Hausa. Ku duba fa: ɗalibi, hutu, gida, alkol. Komai irin nawa. Bambancin, shi dagwalonsa ya kama yadi, kuma yana da malamin kimiyya da ɗakin gwaji a bayansa tun yana shekara 15.

Saura guntun fatar nan. Na manta da shi sam, sai da nake share ƙarƙashin gado na gan shi. Ya bushe, ja mai duhu. Na wanke shi da sabulu, ya ɗan sauka kaɗan ya tsaya. Na ajiye shi bisa katanga kwana uku a rana. Ya dushe, amma yana nan, ja ne. Na koma wurin Mushe, wannan karon a cikin leda na kai shi. Ya ce ba abin mamaki ba ne. Auduga tana da wuyar sha'ani, ba kowane launi take karɓa ba, amma fata da ulu da siliki, da yake daga jikin dabba suke, sun fi saurin riƙe launin da aka samo daga tsiro ko fumfuna. Dukawanmu sun daɗe da sanin haka: jan karan dafi a fatar akuya suke sa shi, bayan an jeme ta da bagaruwa, kuma da wannan jar fata aka san ƙasar Hausa har bayan hamada. Ya ce in da gaske nake, in bar shadda tukuna, in tambayi fata. In kuma fara da koyon yadda ake ware nau'i guda a faranti, a wurin da aka tanada don haka, ba ƙarƙashin gadon yaro ba.

Ban ce masa komai ba, amma tun daga ranar nake lissafi. Ƙasar kwari mai kanwa ce, mai gishiri, mai zafi. Duk abin da ya iya rayuwa a cikinta ya saba da wahalar da nau'in Turai bai saba da ita ba, kuma sau da yawa launin da fumfuna ke yi garkuwarta ce daga rana da fari. Wadda na binne a bayan gidan Mushe mai yiwuwa guba ce zalla. Mai yiwuwa kuma ba haka ba. Gorubar dai na san ta, na san gefen da na ɗiba.

Ana jibi zan koma, na je kasuwa da ragowar kuɗin guzurina na sayo safar hannu doguwa mai kauri, irin wadda ke kaiwa gwiwar hannu, da takunkumi guda biyar. Na kuma roƙi yayana ya haƙa sabon rami nesa da rijiya, ya zuba gawayi da yashi a ƙasansa. Ban ce wannan zai tsarkake ruwan ba, ragewa dai. Gwaggo ta karɓi safar ta juya ta, ta ce, "Wannan ne rinin da ba ya cin hannu?" Matan da ke jiran kayansu suka kwashe da dariya, ni ma na yi.

Ranar tafiya da asuba na fito da jaka, na same ta ta riga ta hura wuta, ruwa na tafasa. Ta sa safar a hannun dama. Na hagun tsirara yake, wai da shi za ta ji yadin. Ta ƙulle mini jika biyu a bakin ɗankwali, kuɗin har da ɗan shuɗi a gefensu. Guntun fatar yana cikin ledarsa, tsakanin shafukan littafina na ilimin halittu.

Ta ce, "In kin je ki tambayi malamanku ko akwai mai yin kore. Ja ba ya tafiya sosai bana."